Titin Legas na wa ne? Tambayoyi da amsoshi daga mai zanen gine-gine

Sana'ata zanen gine-gine ce, a Legas kuma nake yin ta. 'Yan uwa na Agege, Idi Araba, Obalende da Mile 12 kan tare ni da tambayoyi a kan titi da sufuri, wani a ƙofar masallaci bayan Juma'a, wani ta waya. Waɗanda aka fi maimaitawa ne na tattara a nan. Tun farko in faɗi inda na tsaya: yawancin mazauna Legas ba su da motar kansu, amma an zana titunan garin kamar kowa na da ita.

Injiniya, me ya haɗa mai zanen gida da maganar mota da titi?

Duk ƙofar da na zana a kan titi take buɗewa. In na sa katanga mai tsawo a gaban gini, na mayar da gefen titin wurin da ake tsoron bi da dare. In na sa shaguna da rumfa, na ba shi mutane da haske. Ga kuma maganar fakin. Wurin ajiye mota ɗaya mita 2.5 ne a faɗi, mita 5 a tsawo, wato kusan girman ɗakin nan mai ƙafa 12 da 12 da magidanci ke haya da iyalinsa a Agege. In aka haɗa da hanyar shiga da juyawa, sai ya ninka. Gini mai wurin motoci 40 ya cinye kimanin murabba'in mita 1,000, alhali filotin Legas na ƙafa 60 da 120 bai kai 700 ba. A garin da mutane ke kwana a shago saboda tsadar haya, wannan lissafi ba ƙarami ba ne, kuma a kan teburin mai zane ake yanke shi.

Me zai hana a faɗaɗa tituna, a ƙara gadojin sama, gosulo ya ƙare?

An yi, ba sau ɗaya ba. Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 an kammala ta a 1990, zamanin Janar Babangida, domin a rage wa gadojin Carter da Eko nauyi. Duk mai bin ta da safe zuwa tsibirin Legas ya san halin da take ciki yau. An faɗaɗa hanyar Lekki zuwa Epe, gidaje suka biyo ta har bayan Ajah, kowane gida da motarsa, cunkoson ya dawo ya ƙaru.

Dalilin a fili yake. Da zarar hanya ta yi sauƙi, wanda da yake shiga bas sai ya fito da motarsa, mai neman fili ya saya can nesa tunda hanya ta buɗe, wanda yake jinkirta fita har rana ta yi ya fito da sassafe. Cikin 'yan shekaru sabon layin ya cika. Birnin Huston na Amurka ya faɗaɗa babbar hanyarsa ta Katy har wani wurin ya kai layi 26 idan an ƙirga da na gefe, aka gama a 2008, bayan 'yan shekaru lokacin tafiya ya sake tsawaita. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya bi ta wata hanyar: tsakanin 2003 da 2005 ya rushe gadar sama da ke tsakiyar gari, ya buɗe rafin da aka binne a ƙarƙashinta, ya gyara tsarin bas. Garin bai tsaya ba.

Ka ɗauki mutum 60. In suna cikin ƙananan motoci, mutum ɗaya ko biyu a kowace, motoci 40 ke nan, jerinsu ya doshi mita 300 a layi ɗaya. Bas guda mai tsawon mita 12 ta kwashe su duka. Saboda haka tambayar da nake so hukuma ta riƙa yi ita ce mutum nawa titin ya wuce da su a awa ɗaya. In motoci aka ƙirga, kullum amsar za ta zama a ƙara kwalta.

Ana cikin gosulo, ga layin BRT, wanda aka keɓe wa manyan bas su kaɗai, babu kowa a kansa. Wannan ba ɓarnar titi ba ce?

Layin da ka gani fayau shi ne yake aiki. Bas ta wuce da mutum sittin ko fiye cikin daƙiƙa kaɗan, layin ya koma fili yana jiran ta gaba. Ranar da ka ga ya cika da motocin masu jiniya da 'yan danfo, wato ƙananan bas na haya, ranar ya lalace.

Dabarar ta fito ne daga Kuritiba ta ƙasar Birazil a 1974, magajin garin kuwa a lokacin, Jaime Lerner, mai zanen gine-gine ne. Bogota ta Kolombiya ta faɗaɗa ta a 2000. Legas ta buɗe nata a watan Maris na 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, kimanin kilomita 22, ƙarƙashin LAMATA, hukumar sufurin Legas. A 2015 aka kai shi Ikorodu, a 2020 aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba, aka kuma shigo da katin biyan kuɗin mota na Cowry.

Ƙorafin da nake ji, kuma gaskiya ne, shi ne jira. Mutum ya tsaya a dogon layi da asuba a Ikorodu, lokacin da ya ci riba a hanya ya riga ya biya shi a tasha. Maganin wannan ƙarin motoci ne da gyara su a kan kari, da rumfa mai faɗi da wurin zama da banɗaki a tashar. Har yau danfo ce ke ɗaukar mafi yawan fasinjan garin nan, don haka duk tsarin da bai tanadar wa direbanta da kwandastanta wurin tsayawa da makoma ba, rabin aiki ne.

Jiragen ƙasa na Blue Line da Red Line fa, sun amfane mu?

Sun amfana, kuma sun makara. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, aka yi shekara kusan arba'in ana jira. Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023 daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, da lantarki yake tafiya, kuma ana ci gaba da aikin kai shi Okokomaiko. Red Line ya fara a Oktoban 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, ya ratsa Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, a kan layin dogo ɗaya da jirgin Ibadan.

Mu Hausawan Agege bai kamata a yi mana dogon bayani a kan amfanin tasha ba. Layin dogon da ya tashi daga Iddo ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano bayan shekara goma, shi da cinikin goro ne suka kafa Zangon Agege. Kakanninmu sun zauna kusa da tasha ne domin a nan abinci yake.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke kewaye da tashar. Mutum kan yarda ya taka na minti goma, wato kimanin mita 800, ya je ya hau jirgi. Duk ƙasar da ke cikin wannan da'ira ita ce mafi daraja a garin. A nan ya kamata a yi benaye masu hawa huɗu ko biyar, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, da makaranta da asibitin sha-ka-tafi, yadda mutum zai yi rayuwarsa bai nemi mota ba. Amma akwai haɗari a ciki. Wurin da jirgi ya shiga haya kan tashi, talakan da aka yi jirgin dominsa sai ya koma can wajen gari, Sango ko Mowe. Mutanen Legas ba su manta da Maroko ba, unguwar talakawa da aka rushe a Yulin 1990, wurin ya koma na masu hali. In ba a ware wani kaso na gidajen kusa da tasha ga masu ƙaramin ƙarfi ba tun a takardar izinin gini, kasuwa ba za ta ware musu ba.

Kullum kana maganar hanyar masu tafiya a ƙasa. Ita ce matsalar Legas?

Ita ce wadda aka fi rainawa, kuma ita ce mafi arha. Babu wanda jirgi ke ɗauka daga ƙofar ɗakinsa. Mai hawa BRT da mai shiga jirgin ruwa da mai danfo, kowa da ƙafa ya fara, da ƙafa zai ƙarasa.

Ka tsaya a bakin kowane titin unguwa da ke gangarowa tasha da ƙarfe bakwai na safe, bayan an kwana ana ruwa. Ga wata baiwar Allah da goyo a baya, kwando a ka, ta riƙo hannun yaro mai kayan makaranta. A damanta kwata ce a buɗe, baƙin ruwa ya cika ta har baki, an gitta katako ɗaya a ƙofar kowane shago. A gabanta turken lantarki, bayansa janareton mai aski, bayansa motar wani da ya hau da tayoyi biyu kan ɗan simintin da ya rage. Dole ta sauka kan kwalta. Keke napep ya danno ham a bayanta, ta fizgo yaron ta manna shi da jikinta, madubin ya goge mata mayafi. Kafin ta kai tasha za ta yi haka sau da yawa, gobe ma haka. Wannan matar ba ta cikin ƙidayar kowa, domin masu auna titi motoci suke ƙirgawa.

Abin da take bukata ba shi da wuya. A rufe kwatar da silab mai ƙarfi wanda ake iya ɗagawa a kwashe shara, nan take an samu hanya ba tare da an rushe gidan kowa ba. A bar mata aƙalla mita biyu babu turke babu allon talla, yadda keken guragu da mai baro za su gitta juna. A ɗaga hanyar sama da kwalta, a kafa turaku gajeru don kada mota ta hau. A kowace mahaɗa a yi gangare maimakon tsalle. A sa fitila da ke haska ƙafar mutum, domin doguwar fitilar tsakiyar titi direba take yi wa aiki.

Sai inuwa. A zafin Legas, mita ɗari biyar a rana tsaka da mita ɗari biyar a ƙarƙashin bishiya ba tafiya ɗaya ba ce. Dogon yaro da muka sani a titunan Maiduguri da Katsina yana yi a nan, in dai an bar masa rami mai faɗi don kada saiwarsa ta ɗaga siminti. Inda babu wurin bishiya, gini ya miƙo baranda ko rumfa a kan hanyar, ta tare rana ta tare ruwa. Jihar Legas ta fitar da manufa a kan masu tafiya a ƙasa da masu keke tun 2018. Takardar tana da kyau. Abin da ya rage shi ne ɗan kwangilar da ke gyara titin unguwa ya ga hanyar ƙafa a cikin zanen da aka ba shi da kuɗinta.

An gina gadojin tsallaka titi, mutane na bi ta ƙasa ana kaɗe su. Laifin wa?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A kan hanya irin ta Ikorodu ko ta Apapa zuwa Oshodi, inda mota ke gudu sosai, ina roƙon kowa ya hau gada, ko Ojota ce ko Cele. Rai ya fi minti biyar, kuma doka ta hana tsallakawa ta ƙasa, ana kama mutane a kai.

Amma a duba gadar kanta. Don tirela ta wuce a ƙarƙashinta sai an ɗaga ta sama da mita biyar, wato hawa bene biyu da saukowa. Ka tuna da tsoho mai ciwon gwiwa, da mai juna biyu, da ɗan dakon da ya ɗauko buhun albasa, da mai ga-ruwa da kurarsa. In za a yi gangaren da keken guragu zai iya hawa, ƙa'ida ita ce kowace mita ɗaya ta tsawo tana bukatar mita 12 na gangare, to ka ga sama da mita 60 ke nan a kowane ɓangare. In kuma gadar na da nisa da inda bas ke sauke mutane, ko babu fitila da dare, mutane za su bi ta ƙasa ko an sa shingen waya.

A cikin gari, gaban kasuwa da makaranta da masallaci, mota ce ya kamata ta saurara. A ɗaga wurin tsallakawa ya zama tudu mai faɗi, a yi tsibiri a tsakiya inda mutum zai tsaya ya huta, a sa danja. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, domin a wannan gudun yawancin waɗanda aka buge suna tashi. Allon gargaɗi ba ya rage gudu. Ƙunci da tudu da kwana su ke rage shi.

Yaranmu da yawa acaba suke yi. Hana su da aka yi daidai ne?

Wannan tambaya ta fi kowace zafi, zan amsa ta yadda nake gani. Dokar hanya ta 2012 ta hana babur bin manyan tituna 475. A Fabrairun 2020 aka faɗaɗa hanin, har da keke napep a wasu wurare. Daga 1 ga Yunin 2022 aka hana acaba gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Duk yaron da ke shirin tahowa daga gida da bashin babur a wuyansa, a gaya masa wannan tun yana can.

Hatsarin gaskiya ne. Babur ɗauke da mutum biyu yana bin hannun da ba nasa ba a kan babbar hanya, tsakanin tanka da kwantena, ba abin da zan kare ba ne. A manyan hanyoyi ina goyon bayan hanin. Sai dai acaba ba haka kawai ta yawaita ba. Ta yawaita ne saboda akwai tazara tsakanin ƙofar gida da tasha wadda ba ta takuwa, bas kuma ba ta shiga. An kawo ƙananan bas na cikin unguwa a 2021, amma ba su kai ko'ina ba. Muddin tazarar na nan, fasinja zai nemi babur ko a ɓoye, ɓoyon kuma shi ke haifar da gudu da cin hanci. Da ni ake shawara, da an ƙayyade musu cikin unguwanni, da rajista da lamba a riga da hular kwano, an zana musu wurin tsayawa a bayan kowace tasha inda ba za su toshe ƙofa ba. Wanda aka raba da sana'arsa kuma a buɗe masa wata ƙofar, ko tuƙin ƙananan bas ɗin ne ko kai saƙo.

'Yan tireda da masu talla a bakin titi ba su ne ke toshe hanya ba?

Wani wurin su ne. Amma mai sayarwa yana zama ne inda ƙafa ke wucewa, ko an kore shi sau goma zai dawo. An share Oshodi a farkon 2009, an gina mata babbar tasha mai ɓangare uku da aka buɗe a 2019, ciniki kuma bai bar wurin ba, gefe ya koma. Gara tun a zane a ware masa wurinsa: layi ɗaya na tebura a bayan hanyar ƙafa, faɗinsa ƙayyadadde, da kwandon shara da famfo.

Akwai kuma amfanin da ba a lissafawa. Lungun da mai shayi da mai tsire suke da fitilarsu har sha biyun dare, mace na iya bi ta koma gida. Lungun da katanga ce hagu da dama, ko namiji sai ya waiga. Magina na Kano da Zariya sun san wannan tuntuni, shi ya sa suka sa zaure yana kallon hanya, suka yi dakali a ƙofar gida inda dattawa ke zama suna ganin mai shiga da mai fita.

A Mile 12 kuwa babbar matsalar saukale ce. Motar tumatir da ta kwana biyu a hanya daga Arewa, in ba ta da wurin shiga ta sauke, a kan titi za ta tsaya. Kasuwar kayan gwari na bukatar filin saukale a ciki da sa'o'in da aka tsayar, tun kafin gari ya waye.

Ruwa ya kewaye Legas. Me ya sa ba a bin sa?

Ana bi, sai dai bai kai yadda ya kamata ba. Daga Ikorodu zuwa tsibiri ta ruwa ya fi ta titi sauri nesa ba kusa ba a lokacin cunkoso. An kafa LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa, a 2008, aka farfaɗo da jiragen ruwan gwamnati na LAGFERRY a 2020. Abin da ke hana mutanenmu tsoro ne da tsada, ga ciyawar ruwa da ke toshe hanya a wasu watanni. Ka sa rigar kariya kafin jirgi ya tashi, kada ka shiga wanda aka yi wa lodi fiye da kima, kada ka bi ƙaramin kwalekwale da dare.

Keke fa? Ko motar lantarki da ta gas?

Legas shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudu, ta dace da keke. Wanda ya tashi a Kano ko Funtuwa ya san nisan da keke ke ci. Amma ba zan ce wa kowa ya hau keke a titin Ikorodu ba sai an yi masa layi da shingen siminti. Fenti kaɗai ba ya tare danfo.

Tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023 ake ta maganar gas da lantarki. Suna rage hayaƙi da kuɗin mai, ina maraba da su, musamman a bas da keke napep da ke yini suna zirga-zirga. Sai dai ƙaramar motar lantarki wurin da ta fetur ke ci a titi shi take ci, gosulon bai san bambancinsu ba.

Alhaji ne ni mai fili a unguwa, zan yi gini. Me zan yi a nawa ɓangaren?

Alhaji, abu na farko ka nemi izinin gini, ka ja baya daga titi yadda aka ƙayyade, kada ka ci kwata ko da taku ɗaya. Ka rufe kwatar gabanka da silab daidai da tsayin na maƙwabcinka, don kada mai tafiya ya riƙa hawa yana sauka. Gangaren shigar mota ya fara daga cikin filinka. Yawancin magina kan zubo shi har kan titi, ya datse hanyar mutane ya kuma tare ruwa.

In titin na da jama'a, ka sa shaguna a ƙasa da baranda mai faɗin mita biyu, hayarsu ma za ta taimaka maka. Katangar gaba kada ta wuce ƙirji, sauran a yi da ƙarfe yadda na ciki ke ganin waje. Ka sa ƙwan lantarki ɗaya yana haska hanya, ka dasa bishiya biyu, ka bar wani ɓangaren tsakar gida babu siminti don ruwan sama ya nutse maimakon ya ƙaru a kwata. In kana kusa da tasha, kada ka cika filin da gareji, ɗakuna sun fi shi amfani.

Sauran kuma aikin haɗin kai ne. Kusan kowace unguwa a Legas na da ƙungiyar ci gaban al'umma da ake kira CDA, wadda ƙaramar hukuma ke saurara, mutanenmu kuma ba su cika zuwa taronta ba. Ku je, ku tafi da wakilin Sarkin Hausawa da na 'yan kasuwa. Idan aka zo gyaran titinku, ku nemi ganin zanen kafin a kawo katafila, ku duba ko an rufe kwata, ko akwai hanyar ƙafa a ɓangarorin biyu, da inda yaran makaranta za su tsallaka. Gyara a takarda kuɗinsa kaɗan ne, bayan an zuba kankare kuwa sai an fasa.